Wuƙar Gongola

Babana yana da wuƙaƙe goma sha takwas, amma ko lemo ba a taɓa ferewa da ɗaya a cikinsu ba. Ranar da wuƙar kicin ta ɓata, gidan maƙwabta Mama take aikawa a aro mata, alhali ga akwatin nan a kan kabad ɗin falo, ƙarƙashin kalandar coci, a kulle.

Ƙananan wuƙaƙen aljihu ne masu naɗewa, mariƙinsu na ƙahon sa. Kamfanin Bauna da ke nan Kudenda ne ya yi su, inda Baba ya yi aiki shekara ashirin da biyu. Asali cokula da adduna kamfanin yake yi. A 1979, da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, manaja ya ce a yi wa kowace jiha wuƙarta, goma sha tara a lokacin. Ma'aikata suka sa musu suna 'Yan Jihohi. Kowace da sunan jiharta a jikin ƙarfen, da ɗan zane: Kano dalar gyaɗa, Binuwai doya, Legas kwalekwale. Shekara huɗu ana yin su. Da sojoji suka dawo a ƙarshen 1983 aka daina, daga baya kamfanin ma ya rufe. Yanzu awaki ne ke shan inuwa a bakin ƙofarsa.

Baba ne yake kan injin da ke buga sunayen, kuma duk tsawon shekarun nan bai ajiye ko ɗaya ba. Sai da aka sallame su, ya yi wata uku a gida yana sauraron rediyo, sannan wata rana ya ga Sakkwato a hannun wani mahauci a Kakuri. Ya dawo da ita a aljihu yana murmushi kamar wanda ya tsinci ɗansa a kasuwa. Daga nan aka fara. Imo a wurin mai sayar da kayan mota ya same ta. Bendel wata gwauruwa ce ta ba shi daga gwangwanin maɓallai. Ya sa kafinta ya yi masa akwati mai gurbi goma sha tara, ya shimfiɗa shuɗin ƙyalle, ya jera su bisa harufa. Gurbi na bakwai babu komai. Gurbin Gongola ne.

Gongola tana da wuyar samu domin hatimin ƙarfen da ke buga sunanta ya tsage a kwana na uku, ba a yi fiye da ɗari biyu ba. In baƙo ya ji wannan labari yana jinjina kai, Mama takan ce daga kicin, "Tambaye shi wa ke kan injin ranar." Baba yakan ce hatimin da ma lalatacce aka kawo shi. Jihar kanta an raba ta biyu tun 1991, babu sauran wata Gongola a taswira, amma a gidanmu kullum sai an ambace ta, wani lokaci har a addu'ar abinci.

Abokinsa Baba Albert, mutumin Binuwai da ya yi ritaya daga masaƙa, yana da goma sha huɗu. Duk Lahadi bayan coci yakan zo da nasa akwatin a bayan keke, su buɗe, su goge, su zagi juna.

"Filibus, har yanzu ramin nan yana nan? Ka zuba ƙasa ka shuka tumatir mana."

"Mai sha huɗu ba ya magana a gaban mai sha takwas. Wuƙarka ta Kwara ma an wasa ta, kowa ya sani."

"Wasawa ɗaya!"

"Wasawa ɗaya wasawa ce."

A wurinsu wuƙar da ta taɓa ganin dutsen washi ta rage daraja, ko da kaifinta zai aske gemu.

Ni ce Jemimah, 'yarsa ta fari. A farkon 1999 na riga na gama digiri a Zariya, na gama bautar ƙasa, ina gida ina rubuta takardun neman aiki. Ba ni da yawan magana. Akan manta ina cikin ɗaki, shi ya sa na san abubuwa da yawa a kan mutane. Timothy, malamin lissafi ɗan Filato da muke ƙungiyar mawaƙa tare, sai da ya yi shekara biyu yana riƙe mini littafin waƙa kafin ya faɗi abin da ke ransa. Ni kuma na yi wata biyu kafin na amsa, ko da yake na san amsar tun ranar farko.

A watan Fabrairu takardar kayan aure ta iso daga ƙauye. A danginmu dattawan gida ne ke rubuta abin da dangin ango za su kawo, uban yarinya nasa miƙawa ne kawai. Baba ya sa tabarau yana karantawa da ƙarfi. Akuya biyu. Buhun gishiri. Bargo. Jarkar manja. Zannuwa. Da ya kai lamba ta goma sha ɗaya sai ya tsaya.

"Fartanya sabuwa guda ɗaya. Fartanya! Wa zai yi noma a nan? A kan siminti?"

Mama tana tsintar wake a tire. Ta ce, "Baban Jemimah, ka bar wa mutane takardarsu yadda suka rubuto ta."

Ya riga ya zaro biro. Na ga fuskarsa ta yi wani haske da ban taɓa gani ba, ko ranar da na kawo sakamakon digiri.

"Ba ƙari zan yi ba, canji zan yi. Wannan ƙarfe, wannan ƙarfe."

Mama ta ɗaga kai ta dube shi na ɗan lokaci. Sannan ta ce, "To," ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ya soke fartanya, ya rubuta a samanta da manyan baƙaƙe: WUƘAR BAUNA, 'YAR JIHA, GONGOLA, WADDA BA A TAƁA WASAWA BA. Ranar kawo kaya kuma shi ya zaɓa, Asabar ashirin da tara ga Mayu, ranar da sojoji za su sake miƙa mulki. Ya ce da farar hula aka fara 'Yan Jihohi, ranar da farar hula za su dawo za su cika.

Na kai wa Timothy takardar a bakin makarantarsu. Ya karanta har ƙasa, ya koma lamba ta goma sha ɗaya.

"Jemimah, Babanki shekara nawa yana neman abin nan?"

"Shida."

"Ni kuma wata uku ya ba ni."

"Da kwana tara," na ce, don in ƙarfafa masa gwiwa.

Ya nema, bawan Allah. Duk Asabar yana Panteka yana tona tulin tsofaffin ƙarafa, ya dawo hannu baƙi ƙirin. Ya bi mahauta, ya bi masu yankan farce, ya bi tsofaffin ma'aikatan Bauna gida-gida, kowa ya ba shi ruwa da labarin yadda aka sallame su. Wani a Kasuwar Barci ya sayar masa da wata da aka kankare sunan Ogun aka rubuta Gongola da ƙusa. Baba ko karɓa bai yi ba, daga nesa ya ce, "Ogun ce." Timothy ya rame. A coci ya fara kuskuren shiga waƙa. Baba Albert kuwa in ya gan shi sai ya ce, "Ango, ka je Gongola tukuna? Mota ba ta zuwa yanzu fa, an ɗauke garin."

Ni ce na ga wuƙar, cikin watan Afrilu. Mama ta aike ni Tudun Wada sayen zare da maɓallai, na shiga shagon wani dattijon tela, Malam Bello. Ya jawo aljihun kekensa yana neman almakashi, sai na hango gefen mariƙin ƙaho yana leƙowa daga cikin takarda mai maiƙo. Na girma da ƙahon nan a gabana, ko cikin barci zan gane shi. Kuma takardar irin ta kamfani ce, mai ɗan hoton bauna.

Ban iya tambaya ba. Na sayi maɓallai na fita. Bayan kwana biyu na koma na sayi wasu, na tsaya ta inda zan ga aljihun. A zuwa na uku takardar ta ɗan buɗe, na ga harafi biyu na ƙarshe, L da A. Na bi jihohin goma sha tara a kaina ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta ƙare haka sai ita.

Malam Bello ya ce, "'Yata, riga nawa ce haka take cin maɓalli?"

Na ce, "Sai anjima, Baba," na fita da sauri har na manta maɓallan.

Washegari na kawo Timothy. Malam Bello ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya warware takardar. Sabuwa fil, da ɗan zanen kifi a ƙarƙashin sunan. Ya ce shi mutumin Yola ne, wani ɗan'uwansa ya ba shi ita, bai taɓa yanka komai da ita ba, da aka raba jihar kuma sai ya ji ba ya son ya taɓa ta. Ya ce ba ta sayarwa ba ce, amma tunda maganar aure ce zai bayar, da sharaɗi ɗaya: shi zai ɗinka wa ango kayan da zai sa ranar kawo kaya.

Timothy ya kama hannunsa da hannu biyu yana godiya. Ni da na zo shagon sau uku na riga na lura babu kayan kowa a rataye, sai labule da rigunan matashin kai.

Ranar Asabar ɗin tun da safe gidanmu ya cika. An fito da kujerun coci tsakar gida. Maƙwabcinmu ya ɗora talabijin a kan taga yana kallon bikin miƙa mulki a Abuja, rabin baƙinmu wuyansu a karkace yake ta can. Baba Benson, yayan Baba, shi ne mai karanta takarda da raba kaya. Kusa da shi Kawu Jethro, yayan Mama, wanda ya zo daga ƙauyensu kusa da Zonkwa, dogo siriri, da hular sanyi a ka cikin zafin Mayu. Baba yana gefe, don a al'adarmu uban yarinya ba ya magana a wannan zama, kamar baƙo yake a gidansa. Amma ya ɗora akwatin a kan ɗan tebur kusa da gwiwarsa, a buɗe. Baba Albert yana bayansa, ya zo shaida.

Ni ina ɗakin Mama da ƙawayena, ina leƙe ta labule.

Da Timothy ya shigo, duk ido ya koma kan ɗinkin Malam Bello. Kaftanin ruwan ƙasa ne. Hannun dama ya rufe yatsunsa, na hagu ya tsaya a kan agogo. Wuyan ya shaƙe shi har ba ya iya juya kai, sai dai ya juya jiki gaba ɗaya. Aljihun gaba kuwa ya gangara kusan cibiya. Wata gwaggona ta ce a hankali, amma kowa ya ji, "Yaron kirki ne dai, an ce."

Aka yi addu'a. Baba Benson ya fara kira, dangin Timothy suna ajiyewa a kan tabarma. Akuya, aka jawo su aka duba haƙora. Gishiri. Bargo, aka ce na kakar yarinya ne. Zannuwa, na iyaye mata. Kowane abu da mai shi. Da ya kai lamba ta goma sha ɗaya ya kawo takardar kusa da ido, ya nisanta ta, ya dubi ƙaninsa. Baba ya kafa ido a kan talabijin ɗin maƙwabci.

"An soke fartanya," in ji Baba Benson. "An sa wuƙa. To, an kawo?"

Kawun Timothy ya ajiye ɗan ƙunshin a kan tabarma. Baba Benson ya warware, ya buɗe wuƙar, ya ɗaga ta sama. Rana ta haska ƙarfen. Na ji numfashin Baba Albert daga inda nake. Baba ya miƙe rabin miƙewa, hannunsa ya riga ya yi gaba.

"Ƙarfe ya zo," in ji Baba Benson. "Ina kawun yarinya?"

Kawu Jethro ya miƙa hannu biyu, aka sa masa. Ya juya ta, ya gwada bakinta a babban yatsa, ya ce, "Ƙarama ce, amma na karɓa." Ya naɗe ta ya jefa a aljihun wando, inda goronsa yake. Mata suka rangaɗa guɗa. A daidai lokacin aka fara harba bindigogin girmamawa a talabijin, maƙwabta suka ɗau tafi.

Baba ya zauna a hankali. Ya bar ƙauye tun yana ɗan shekara goma sha biyu, kuma lokacin nasa auren bai samu hutu a kamfani ba, 'yan'uwansa ne suka kai kaya. Bai taɓa sanin cewa fartanyar nan ba don noma ake sa ta ba. Ƙarfen da ke cikin takarda, kowane iri ne, na kawun yarinya ne. Duk wanda ke tsakar gidan ya sani, har dangin Timothy da suka zo daga Filato an gaya musu.

Baba Albert ya sunkuya ya rufe masa akwatin da kansa. Kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Da baƙi suka watse, Baba ya sami Mama a kicin. Ina wanke kofuna, ba su lura da ni ba.

"Naomi, kin sani."

"Na ce ka bar wa mutane takardarsu."

"Ba ki ce mini ta Yaya Jethro ce ba!"

"Ka tambaye ni? Ka ce wannan ƙarfe, wannan ƙarfe. Na ga gaskiyarka ce."

"To ki je ki karɓo mini. Yayanki ne."

Mama ta ajiye ludayi. "Ka ji kanka? Wanda ya karɓi ƙarfe daga hannun kawu cewa ya yi a kwance auren. Haka kake so, bayan yaron nan ya sa wancan kaftani a gaban jama'a?"

Da Kawu ya koma ƙauye washegari, da abin ya zo da sauƙi. Amma ya zo da niyyar a duba masa ido a asibiti, aka ba shi mako biyu. Ya zauna a gidanmu, a ɗakin da ke kallon falo.

Ranar Litinin da sassafe muka ji wani sauti daga bakin rijiya, shuu, shuu, shuu. Baba ya fita da buroshi a baki. Kawu yana tsugune a gaban dutsen da Mama ke wasa adda, yana ta aiki.

"Filibus, kun tashi lafiya? Wuƙar nan taku ko tuwo ba za ta yanka ba. A nan kuka yi ta, ko? Shi ya sa kamfanin ya rufe."

Baba ya tsaya, kumfa tana gangarowa a haɓarsa. Ya ce, "Ina kwana, Yaya," ya koma ciki. Bai karya ba ranar.

Daga nan kullum da abin da Gongola za ta gani. Ta fere lemo. Ta fasa goro. Ta yanke farcen ƙafa a tsakiyar falo, taku uku daga akwatin. Ta gyara silifas, ta kankare tsatsar fitila, ta buɗe gwangwanin madara. In ya gama sai ya goge ta a cinyar wando. Baba yana bin sa daga ɗaki zuwa tsakar gida da jarida a hannu, wai karatu yake. Wata rana ya sayo wata babbar wuƙa mai kube a kasuwa ya kawo masa, ya ce wannan ta fi dacewa da babban mutum. Kawu ya yi murna ƙwarai, ya sa masa albarka, ya sa ta a jaka, ya zaro Gongola ya ci gaba da fere rake.

A mako na biyu Baba ya kira ni bayan gida.

"Jemimah, ke 'yar lelensa ce. Ba roƙo za ki yi ba. Ki dai yi masa hira, ki nuna masa tarihi. Kin yi jami'a."

Na sami Kawu a gindin gwanda, an ɗaure masa ido ɗaya da auduga. Na zauna. Na yi minti goma ina kallon kaji. Shi ya fara magana.

"Ubanki ya aiko ki."

Na sunkuyar da kai.

"Ido ɗaya aka rufe mini, ba biyu ba. Na ga akwatin, na ga ramin." Ya fere lemo ya miƙo mini rabi. "Kin san me ya sa ake ba kawu ƙarfe? Gishiri zai ƙare, akuya za a ci, zane zai tsufa. Ƙarfe yana nan. Ran da aka ɓata miki rai a gidan miji, ko shekara talatin ne nan gaba, ba gidan ubanki za ki fara zuwa ba, don uba kunyar surukai yake ji, zai ce ki yi haƙuri ki koma. Wurina za ki zo. In ɗauko ƙarfen nan in je in ajiye a gabansu, in ce ga abin da kuka ba ni, ku faɗa mini abin da kuka yi mata. Fartanyar uwarki tana ɗakin marigayi kawunmu har yau, ban bari an taɓa ta ba." Ya tofar da ƙwallon lemo. "Yaron nan naki ban ga alamar mugunta a jikinsa ba. Wanda ya yarda ya sa rigar nan ba zai dake ki ba. Amma ba a sani ba. In ba ki wuƙar?"

Na ce, "A'a, Kawu. Ka riƙe."

Ban san Baba yana bayan tankin ruwa ba sai da na ji ya yi tari ya wuce. Bai sake aiko ni ba, bai kuma yi mini maganar ba. Amma ranar Lahadi da Baba Albert ya zo, Baba bai sauko da akwatin ba, ya ce kansa ke ciwo.

Ranar tafiyar Kawu, ni da Baba muka raka shi tashar mota ta unguwar Talbishin. Na ɗauki jakar Kawu. Baba ya fito da silifas na gida da wani abu naɗe da tawul a hammata. A tasha muka tarar da Baba Albert a kan kekensa, ashe an aika masa.

Bas ɗin Zonkwa mutum biyar ne kawai a ciki. Kawu ya kama wurin taga, ya sauko muka zauna a benci. Baba ya warware tawul, ya ɗora akwatin a cinya, ya buɗe. Ya daɗe yana gyaran murya.

"Yaya, ba roƙo nake ba. Taka ce, ta Jemimah ce. Na ji. Ina dai so ta zauna cikin 'yan'uwanta kafin mota ta cika. In ta cika ka ɗauki abarka."

Kawu ya dube shi da idonsa mai lafiya. Ya laluba aljihu, ya fito da ita tare da ɓawon goro, ya hure, ya goge a wando, ya miƙa.

"Har mota ta cika."

Baba ya sa ta a gurbi na bakwai da yatsu biyu. Ta zauna daram. Goma sha takwas suna ƙyalli, ita kuwa ta yi duhu, da ɗan tabon rake a mariƙi.

Baba Albert ya leƙa. "An wasa ta."

"Ƙirga."

"Na ce an wasa ta, Filibus. Har ta sha lemo."

"Albert, ƙirga da bakinka."

Ya ƙirga da yatsa, a hankali, kamar ana cire masa haƙori. "Sha tara."

"Ban ji ba. Hayaniyar tasha."

"Sha tara! Ka ji daɗi?"

Motar ta fara cika. Na lura duk fasinjan da ya nufo ta, Baba sai ya bi shi da ido kamar ɓarawo. Da aka kai mutum goma, ya ba ni riƙon akwatin, ya ce kada in motsa, ya tashi. Na ga ya tari wata mata mai buhun garin rogo yana yi mata magana da nuni, ta juya ta nufi ƙananan motoci. Ya tari wani ɗalibi, shi ma ya juya. Na ji yana gaya wa wani dattijo cewa wannan bas ɗin ba ta tashi sai la'asar, ga wata can ta kusa cika. A mutum na huɗu ɗan kamasho ya gane.

"Baba, kai fasinja ne ko ɗan rakiya?"

"Ɗan rakiya."

"To ka raka da baki a rufe, don Allah! Tun safe nake kira, kai kana kora. Aikinka ke nan a gida?"

"Ai shawara nake ba su."

"Ka ba su a ƙofar gidanka!"

Kawu yana dariya har audugar idonsa ta motsa. Baba ya dawo benci ya karɓi akwatin. Daga nan sai kallo. Sha biyu. Sha biyar. Wata mata da 'ya'ya biyu ta cinye wuri biyu a lokaci guda, Baba ya ce, "Kai!" Ɗan kamasho ya buga jikin motar yana ihu, "Zonkwa mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!"

Kawu ya tashi ya karkaɗe riga, ya shiga ya zauna a wurinsa, ya miƙo hannu ta taga. Daga bakin tasha wani mutum mai jakar hannu yana tahowa da sauri, yana ɗaga lema.

Baba ya dubi mutumin. Ya dubi hannun Kawu. Ya dubi akwatin. Sai ya rufe shi, ya rungume, ya yi taku uku da ban san yana da su ba, ya faɗa kujerar ƙarshe ta bakin ƙofa.

"Ta cika!" in ji ɗan kamasho. Sannan ya ga ko wane ne. "Kai kuma?"

"Fasinja ne yanzu."

Mai lema ya iso yana haki, ya tarar ana jan ƙofa. Kawu ya juyo daga wurin taga, hannunsa har yanzu a miƙe, wannan karon ta kan kawunan mutane.

"Filibus, mota ta cika."

"Ta cika, Yaya. Amma ka ga matsin nan, in na buɗe akwati a nan za su zube, mu soki mutane. Bari mu isa Zonkwa."

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya janye hannun, ya gyara hularsa. "Daga Zonkwa akwai tafiyar ƙafa, mil huɗu. Da silifas ka zo."

"Na gani."

Direba ya tayar da mota. Baba ya leƙo ta tagar ƙofa yana kirana. "Jemimah! Ki gaya wa Mamanki gobe zan dawo. Albert, ka kai ta gida. Kuma ka gaya wa kowa abin da ka ƙirga!"

Baba Albert ya tura kekensa muka taka har bakin titi, yana ta girgiza kai yana cewa an wasa ta, shi dai ya faɗa. Da na isa gida na gaya wa Mama. Ta tambaye ni ko ya ɗauki maganin hawan jininsa, na ce ban gani ba. Ta ƙulla maganin da wando biyu da takalmi a leda, ta ce in kai tasha da safe a ba direban Zonkwa.

Sai da ya kwana tara.